Injin Jif ɗin Surukina

Jif ɗin ba tawa ba ce. Ta surukina ce, mahaifin matata, ni kuwa direbanta ne tun kafin in auri 'yarsa. A shekarun da arzikin fetur ya fara shigowa ƙasa ne, lokacin da ko a Ƙanƙara sai ka ga wanda bai taɓa mallakar keke ba ya shigo gari a kan sabon babur. Alhaji bai bi yayin sabo ba. A gwanjo ya sayo ta daga Zariya, tsohuwa, koriya, mai rufin tamfol, da wata 'yar giya kusa da gwiwar direba wadda in ka ja ta ƙafafun huɗu ke ja tare.

Da rani aikinmu hatsi ne da auduga. Mukan je har Damari mu ɗauko masara, ranar kasuwar Yankara kuwa ba ma fashi. Amma da damina ake sanin amfaninta. Da zarar ruwa ya zauna, manyan motoci ba sa barin kwalta, ƙauyukan da ke bayan Mabai sai su zama kamar an rufe su da ƙofa. A lokacin ita kaɗai ke shiga. Na ɗauko masu naƙuda a cikinta, na ɗauko wanda maciji ya sara a gona, na kai taki inda jaki ma sai an lallashe shi yake wucewa.

Tsakanina da Alhaji akwai kunya irin ta suruki. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. Baba nake ce masa, shi kuwa ba ya kiran sunana, sai dai ya ce ɗan nan. Abin da nake kaiwa gidana daga motarsa yake fitowa, kuma kowa a garin ya san haka.

Injin ya daɗe yana ba ni alama. Hayaƙi shuɗi yake fitarwa, yana shan baƙin mai kamar ana zuba wa ƙasa. Na faɗa wa Alhaji, ya ce mu lallaɓa mu gama kwasar hatsi tukuna. Ba mu gama ba. A ƙarshen bazara, muna dawowa daga kasuwar Yankara da kaya, ana zafin nan mai sa kwalta ta yi laushi, na ji wani ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin ƙafafuna kamar ana daka a turmin ƙarfe. Na kashe ta nan take. Duk direba ya san wannan ƙara. Inji ya buga.

Wata motar itace ce ta ja mu zuwa Funtuwa, garejin wani dattijon makanike da ya saba duba mana ita. Ya sauke injin, ya warware shi gunduwa-gunduwa a kan buhuna, ya daɗe yana shafa cikin ramukan fistin da yatsa. Da ya ɗago sai ya ce hanya biyu ce, kuma kowacce da ciwonta.

Ta farko a sayo sabon inji a ɗora. Shi ne kwanciyar hankali, amma ya aika an tambaya a Kano da Kaduna, babu ko ɗaya a ƙasa. Masu sayarwa sun ce kayansu na cikin jiragen da suka yi cirko-cirko a bakin teku a Ikko suna jiran a sauke su, kuma ba wanda ya san ranar. Ta biyu a gyara wannan. A kai gangar jikin injin Zariya a faɗaɗa ramukan, a yanke kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, a sa sabon fistin da ringi. Wannan ba zai wuce 'yan makonni ba. Sai dai ya nuna mini wata alama da aka buga a jikin ƙarfen, ya ce tun kafin Alhaji ya saya an taɓa yi masa irin wannan aikin, saboda haka bangon ramukan ya riga ya yi siriri. Na tambaye shi ko zai riƙe. Ya ce zai iya yin shekaru, zai kuma iya ƙin ganin kaka, shi ba zai ɗaukar mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

Da wannan na koma Ƙanƙara. Bayan la'asar Alhaji ya sa aka kira babban ɗansa, yayan matata, muka zauna a zaure. Yaya ɗan kasuwa ne, yana kai auduga da gyaɗa Kano, ya ga duniya fiye da ni, kuma ba mutumin banza ba ne. Amma jininmu bai taɓa haɗuwa sosai ba. A ganinsa na shigo gidan ta ƙofar mota.

Na zayyana abin da makanike ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Yaya bai bari na rufe baki ba ya ce sabo za a saya. Ya ce zamanin faci ya wuce, duk wanda ya sani a Kano in inji ya gaji sauke shi yake yi ya ɗora wani. Ya ce a gyara abin da aka riga aka taɓa gyarawa aiki biyu ne, za a sha wahala yanzu, a sake shan ta nan gaba a tsakiyar daji da mutane a ciki. Gaskiya ya faɗa, ni ma na san haka. Abin da na ce shi ne hadari ya fara haɗuwa a gabas, in aka tsaya jiran jirgi damina za ta shigo ta fita motar na kan duwatsu a gareji, mutanen bayan Mabai kuma ba su da wata.

Sai ya juyo ya dube ni.

“Mutanen Mabai kake ji, ko zaman da za ka yi ba sitiyari a hannu? In da an kula da ita yadda ya kamata ai da ba mu zauna nan ba.”

Na ji maganar har cikin ƙashina. Akwai amsa a bakina, amma amsar za ta taɓa Alhaji, tunda shi ya ce a lallaɓa. Na sunkuyar da kai. Alhaji kuwa yana ta jan carbinsa. Da aka kira magariba ya tashi, muka watse ba a yanke komai ba.

A gida na tarar matata ta riga ta ji, domin Yaya ya biya ta wajen mahaifiyarsu. Ta ajiye mini tuwo ba ta zauna ba. Can ta tambaye ni ko in an gyara zai riƙe. Na ce ban sani ba. Ta ce to in bai riƙe ba ita ce za ta riƙa shiga gidansu da wannan maganar a ka. Ban ga laifinta ba. Tuwon dai ban iya cinye shi ba.

Kwana biyu Alhaji bai neme ni ba. A rana ta uku da hantsi ya aiko. Na same shi tsaye a ƙofar gida yana kallon sama, Yaya na gefensa.

“Ɗan nan, koma Funtuwa ka ce a gyara. In ta fid da mu daminar ga, sai a ji da sabo.”

Yaya ya karkaɗe rigarsa ya hau babur ɗinsa ya tafi, ko sallama bai yi mini ba.

Makonnin da na yi a garejin nan ba na son tuna su. An kai ƙarfen Zariya, ya dawo, ringin da aka sayo ya ƙi zama daidai, aka sake komawa. Ruwan farko ya sauka muna ƙarƙashin rumfar kwano, na ji ƙamshin ƙasa, gabana ya faɗi maimakon in yi murna. Aka yi shuka ina Funtuwa. Duk wanda ya zo daga wajenmu sai ya tambaye ni yaushe mota za ta fito, wasu kuma su ƙara da cewa sun ji Yaya na faɗa a kasuwa wai ba za ta fito ba.

Ta fito. Ranar da aka tayar da ita ta yi tari sau biyu sannan ta kama, ƙararta sumul kamar ba ita ba. Makaniken ya bar ta tana aiki a tsaye har rana ta karkata. Kafin ya ba ni makulli ya riƙe hannuna ya yi mini kashedi. Ya ce injin da aka gyara kamar mai jego yake, sai ƙarfe ya saba da ƙarfe. Kada in yi gudu, kada in ɗora mata kaya mai nauyi, kada in bari ta yi ta kuka a taɓo, aƙalla har wata ya juya. In allurar zafi ta haura tsakiya in tsaya, in kashe, in jira ta huce da kanta.

Na bi maganarsa sau da ƙafa. Mako na farko a cikin gari kawai na yi ta zagaye da ita kamar mai koyon tuƙi. A mako na biyu Alhaji ya ce mu kai 'yan buhunan taki Mabai, shi ma zai je don ya ji injin da kunnensa. Yaya ya ce zai bi mu. Na san ba don taki ba ne. Ya shiga baya da farar rigarsa ya zauna a kan buhu. An yi ruwa mai yawa a daren da ya wuce, hanyar ta yi santsi, amma muka isa lafiya.

Muna cikin sauke takin sai ga wani tsoho ya ɓullo daga hanyar gonaki yana sassarfa, ba hula, ƙafafunsa duk laka. Na gane shi. Bamaguje ne, babban manomi, gidansa na wata unguwa a bayan Mabai, kuma a wurinsa Alhaji ke sayen dawa tun ina yaro. Ya ji ƙarar mota ne ya biyo. Ya ce san huɗa ya soki babban ɗansa da ƙaho a cinya, can sama kusa da mara, sun ɗaure da zane amma jinin ya ƙi tsayawa.

Alhaji bai dube ni ba. Ya ce a zubar da sauran buhunan a ƙasa, ya buɗe wa tsohon ƙofa.

Mun sami ɗan nasa kwance a gindin ɗorawa a bakin gonar, mata sun kewaye shi. Ƙato ne, magidanci, amma leɓɓansa sun yi fari. Zanen da aka ɗaure masa ya jiƙe sharkaf. Muka kwantar da shi a baya a kan tabarma. Yaya ne ya cire rawanin da ke wuyansa ya ƙara ɗaure cinyar daga sama, ya danne wurin da hannu biyu, ba wanda ya sa shi. Tsohon ya ɗora kan ɗansa a cinyarsa.

Asibitin da za a iya ɗinke irin wannan rauni sai Funtuwa. Kafin a kai kwaltar Funtuwa daga can kuwa akwai fadama mai baƙar laka, akwai rafi. Da rani ba komai ba ne. A ranar, da na hango fadamar, na ga ruwa kwance a kanta yana ƙyalli.

Na ja ƙaramar giya na shiga a hankali yadda aka ce in yi. Mun ci kusan rabi sai ƙafafun baya suka nutse. Na ja baya, na sake gwadawa, ta ƙara zama. Na san abin da ke fitar da mota daga irin wannan wuri, a ba ta wuta sosai a bar ta ta yi ta haƙa har ta sami ƙasa mai tauri. Shi ne kuma ainihin abin da aka hana ni. Allurar zafi ta riga ta kai tsakiya.

Ban san lokacin da na juya na dubi Alhaji ido cikin ido ba.

“Baba, in na matsa mata yanzu, ƙila ba ta sake tashi.”

“Shi fa, in ba ka matsa ba?” Ya nuna baya da haɓarsa. “Motar tawa ce. Taka.”

Wasu manoma da ke noma kusa suka taho da gudu, suka sassaro rassa suka cusa ƙarƙashin tayoyin, suka sa kafaɗa. Na taka. Injin ya yi wani kuka da ban taɓa bari ya yi ba ko lokacin da yake da lafiya. Laka ta yi ta feshi har kan tamfol. Motar ta yi rawa, ta zame gefe, ta ɗan ci gaba, ta sake tsayawa. Ban ɗaga ƙafa ba. Ina jin ƙaurin fenti da mai yana shigowa, ina kallon allura tana hawa. Can sai na ji ƙafar gaba ta kama wani abu mai tauri, muka fita da tsalle har kan Alhaji ya bugi ƙarfen rufi.

A bakin rafi tururi ya fara fitowa daga gaba. Dole na tsaya. Na naɗe hannuna da tsumma na kwance murfin lagireto, ruwan ya yi tsiri sama, ya ƙone ni a damtse, tabon na nan har yau. Ƙa'ida ita ce a jira ya huce kafin a zuba ruwan sanyi. Na leƙa baya don in ga ko akwai halin jira. Mutumin ya daina nishi. Tsohon yana shafa masa fuska yana kiransa a hankali, ya ce mini ƙafafunsa sun yi sanyi. Yaya bai ɗago ba, hannayensa na kan raunin, farar rigarsa ta zama ja har gwiwar hannu.

“Kada ka jira,” in ji shi. “Zuba mu tafi.”

Na bar injin yana aiki, na ɗebo ruwan rafi da galan na riƙa tsiyaya shi kaɗan-kaɗan, ina addu'a kada ƙarfen ya tsage. Muka tsallake rafin, ruwa har bakin ƙofa. Daga nan zuwa kwalta ban ƙara duban allura ba, don ba abin da za ta gaya mini da zan yi aiki da shi.

A kan kwalta na ba ta wuta iya ƙarfinta. Mun wuce rabin hanya lafiya, har na fara sa rai. Sai ƙarfinta ya soma raguwa. Ina takawa tana ja da kyar. Daga baya wani siririn ƙara ya shigo, kamar ana kaɗa cokali a kwano, yana ƙaruwa. Alhaji ya ji, na ga ya damƙe ƙarfen da ke gabansa. Na yi ta kallon hanya ko wata mota za ta zo mu mayar da mutumin ciki, amma tsakar rana ce, ba kowa sai wata tirela da ta wuce ta ɗaya hannun. Muka shiga Funtuwa muna tafiya kamar amalanke, hayaƙi na bin mu, yara na nuna mu. Ana hango katangar asibitin sai motar ta yi wata girgiza ta mutu. Na taka kuloci ta gangara da sauran ƙarfinta har kusa da ƙofa. Daga nan a hannu muka ɗauke shi.

Mun daɗe zaune a barandar asibitin. Tsohon ya ƙi zama a benci, ya tsuguna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Alhaji ya je ya yi azahar ya dawo ya tsuguna kusa da shi. An nemi jini, aka gwada mu, nawa ne ya dace, aka ɗiba. Sai wajen la'asar wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce an ɗinke jijiyar, yana numfashi, amma sai an ga yadda zai kwana. Ya kwana. Ya yi makonni a can kafin a sallame shi, kuma ƙafar ba ta koma daidai ba, da ɗingishi ya ci gaba da nomansa.

Washegari muka tura jif ɗin zuwa gareji. Makaniken ya saurari abin da ya faru bai katse ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Da ya buɗe sai ga fistin ɗaya ya narke ya manne, bangon raminsa ya tsage daga sama har ƙasa. Ya ce wannan karon babu hanya biyu, ba sauran abin da za a faɗaɗa.

Na ɗauka Yaya zai ce ai ya faɗa. Yana tsaye a wurin sanye da rigar aro, ya leƙa tsagar, ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne akwai wani mai kayan mota a Kano da suke mutunci, gobe zai je ya sa sunan Alhaji a layin masu jira. Da za mu koma Ƙanƙara a motar haya shi ya matsa mini wuri kusa da shi. Ba mu zama abokai ba daga ranar, kada in yi ƙarya. Har ya rasu yana ganin da an bi shawararsa tun farko da ba a yi asarar aikin Zariya ba, ni kuma ina da nawa ganin. Amma bai sake cewa ban kula da motar ba, a gabana ko a bayana.

Sauran daminar a gona na yi ta. Alhaji ya ba ni wani yanki a gonarsa na shuka dawa da wake, hannuna da ya saba da sitiyari ya yi ta fashewa. Ƙauyukan bayan Mabai suka koma ɗaukar marasa lafiya a kan jaki da gadon kara. Ba duka suka kai ba. Akwai wata mata da aka ce ta rasu a hanya wajen haihuwa a cikin watan da ruwa ya fi yawa, na san mijinta, na sha ɗaukarsa. Da na je gaisuwa bai ce mini komai game da mota ba, ni ma ban ce ba.

Sabon injin bai iso ba sai da aka fara tsinkar auduga. A cikin akwatin katako ya zo, an shafe shi da man kiyaye tsatsa, an lulluɓe da takarda mai maiƙo. Yaya ne ya rako shi daga Kano a bayan wata babbar mota. Muka taru mu huɗu muka sauke shi da sarƙa a reshen mangwaron gareji, makanike na ta ce mana a hankali, a hankali. Kaya na farko da na ɗauka da shi dawar tsohon nan ce, daga rumbunsa zuwa kasuwar Yankara. Ɗan nasa ne ya riƙa miƙo mini buhunan, yana jan ƙafa, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi.